Bayan Sallama, Wa Zai Bi Majinyaci Gida?

Wannan shi ne jawabin da na gabatar a taron matasan mazaɓarmu ta Unguwar Shanu. 'Yan uwa da ba su samu zuwa ba sun ce a sa a shafi, to ga shi kamar yadda na faɗa.

Iyayenmu maza da suke zaune a gaba, ranku ya daɗe. Iyayenmu mata, barkanku da fitowa, Allah ya saka da alheri. Yayyena da ƙannena matasa, sannunku da haƙuri da wannan rana.

An ba ni lokaci in yi magana, kuma na san wasu na jiran in taɓo siyasa. Yau ku yi mini uzuri, akwai abin da ya fi ta gaggawa. Ina so in fara da tambaya. Duk wanda a gidansu, ko a layinsu, ko cikin danginsa akwai wanda ɓarin jikinsa ya shanye, ya ɗaga hannu. To ku waiga ku duba. Kun ga hannuwan nan? Kowane hannu ɗaya gida ne guda da rayuwarsa ta juye a rana ɗaya. A kan mutanen nan zan yi magana, musamman a kan abin da ke faruwa da su daga ranar da likita ya ce an sallame su.

Ni ba likita ba ne, difloma gare ni. Abin da zan faɗa na tattaro shi ne daga bakin ma'aikatan lafiya, da abin da masana suka wallafa, da abin da idona ya gani a lungunan unguwar nan.

Da farko mu san ciwon. Shanyewar ɓarin jiki daga ƙwaƙwalwa take tasowa. Ko dai gudan jini ya toshe jijiyar da ke kai wa wani sashe na ƙwaƙwalwa jini, ko kuma jijiyar ta fashe jini ya zuba a ciki. Sashen da ya rasa jini sai ya fara mutuwa cikin mintuna. In abin ya faru a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, ɓarin dama na jiki ne zai saki, kuma sau da yawa har da magana. In a dama ne, hagu zai saki. Shi ya sa za ka ga mutum ya shiga banɗaki lafiya lau, a ɗauko shi ranga-ranga. Daga nan sai ka ji an ce aljanin banɗaki ne ya mare shi, ko jifa ne, ko sammu. Iyayena, addu'a ba ta taɓa zama laifi ba, a yi ta a cikin mota ana tafiya asibiti. Amma a kwana biyu ana hayaƙi a ɗaki, wannan shi ke cinye lokacin da ya fi kowane lokaci tsada.

Alamomin guda uku ne da yaro ma zai iya riƙewa. Baki ya karkace gefe guda. Hannu ko ƙafa ɗaya ta saki, ka ce ya ɗaga hannu biyu sai ɗaya ya faɗo. Magana ta harɗe, ko ka yi masa magana ya kasa ganewa. Da ka ga ko ɗaya daga ciki, ka duba agogo ka riƙe lokacin, ka nemi mota. Nau'in toshewa yana da allurar da ke narkar da gudan jinin, amma a ƙa'ida cikin awa 4 da rabi ake yin ta, kuma sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa an tabbatar ba zubar jini ba ce. Saboda haka kar a tsaya a kemis, kar a ba shi asfirin da ka, domin in jijiya ce ta fashe ka ƙara masa. Kar kuma a ɗura masa ruwa ko rubutu a baki, domin mai yiwuwa haɗiya ta tafi, ruwan ya wuce huhu.

Wani zai ce ai ciwon tsofaffi ne, me ya kawo shi taron matasa? Akwai babban bincike da aka yi a asibitoci 15 na Najeriya da Gana, har da na Kano da Zariya, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mayowa Owolabi na Jami'ar Ibadan, aka wallafa shi a 2018. An duba mutum sama da 2,000 da ciwon ya kama. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu ba su kai shekara 50 ba. Wato sa'o'in yayyenmu ne, masu 'ya'ya a firamare. Binciken ya nuna hawan jini shi ne uban tafiya, kusan kashi 90 cikin 100 na haɗarin a wuyansa yake. Sai ciwon suga, da kitse a jini, da barbaɗa gishiri a abinci, da ƙarancin cin ganye, da rashin motsa jiki. Ƙungiyar da ke yaƙi da ciwon a duniya, wadda ta ware 29 ga Oktoba ta kowace shekara domin tunawa da shi, ta ce mutum ɗaya cikin huɗu da suka haura shekara 25 zai gamu da shi a rayuwarsa. Ku ƙirga kanku huɗu-huɗu a benci.

To an kai mutum asibiti. A nan Kaduna yawanci Barau Dikko ake nufa, ko Asibitin 44, ko Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada, ko babban asibitin Kawo, wani lokaci a tura mutum Shika. An ba shi gado, an saukar da jini, rai ya tsaya. Bayan 'yan kwanaki sai maganar komawa gida ta taso. A nan nake so mu natsu, domin sallama iri biyu ce, kuma sunansu ɗaya amma ba su haɗa hanya ba.

Akwai sallamar da aljihu ke yi. Kuɗin gado na hawa, kuɗin magani na hawa, mai jinya ya bar sana'arsa, an sayar da abin sayarwa. Sai babban ɗa ya je ya ce wa likita, ranka ya daɗe a ba mu shi mu koma gida. Wani lokaci har a sa hannu a takarda cewa an fita ba da son likita ba. Wani lokaci kuma gadon ake bukata, domin ga wani can a kwance a ɗakin gaggawa. A ba ku takardar magani da ranar dawowa, shi ke nan. Daga bakin get ɗin asibiti babu wanda ya sake sanin inda kuke.

Akwai kuma sallamar da aka tsara. Wannan ita ce wadda ƙasashe irin su Ingila da Suwidin da Norwe da Kanada suka gwada tun shekarun 1990. Da zarar jikin majinyaci ya daidaita, ba a barin sa ya yi ta zama a gadon asibiti. Ana mayar da shi gida da wuri, amma tawaga ce ke bin sa: likitan gashi, da mai koya masa ayyukan yau da kullum irin su wanka da sa riga, da mai gyaran magana, da nas, likita kuma na sa ido. Kafin ya koma sai an je an ga gidan. Bayan ya koma ana zuwa masa sau da yawa a mako, har tsawon makonni. A 2017 masana suka tattara gwaje-gwaje 17 da aka yi a kan wannan tsari, da mutum 2,422 a ciki. Suka ga zaman asibiti ya ragu da kusan kwana 6. Suka kuma ga cewa a cikin kowane mutum 100, an samu ƙarin kusan 5 da suka rayu suna iya yi wa kansu hidima, idan aka gwada da waɗanda aka bi da su ta tsohuwar hanya. Amfanin ya fi fitowa ga waɗanda ciwon bai yi musu mugun kamu ba, kuma inda tawagar ke aiki tare a tsare.

Hikimar a fili take. A asibiti ana koya maka tafiya a kan shimfiɗaɗɗen siminti. A gida kuwa dokin ƙofa za ka tsallaka, kwata za ka haura, buta za ka ɗauka. Wanda ya koyi tashi a kan gadon da zai ci gaba da kwana a kai, ya fi saurin amfana. Ga kuma muryar jikoki, ga abincin da ya saba. Gida magani ne, in an kawo masa sauran maganin.

Yanzu wani zai ce, to ai mu mun fi Turawa dangi. Gidanmu cike yake da mutane, a koya wa iyali kawai su yi. Wannan tunanin an gwada shi a Indiya, ƙasar da ta yi kama da mu wajen zaman gandu da ƙarancin ma'aikata. Aka ɗauki majinyata 1,250 a asibitoci 14, aka raba su biyu. Rabi aka koya wa iyalansu yadda za su yi musu gashi a gida, rabi aka bar su yadda aka saba. Da aka fitar da sakamako a 2017, bayan wata 6 babu wani bambanci tsakanin kashi biyun. Darasin da na ɗauka shi ne, soyayyar iyali da ɗan horo na 'yan kwanaki ba sa maye gurbin ma'aikacin da ya san aikin yana dawowa yana dubawa yana gyarawa. A nan gida kuma, masana a Ibadan sun wallafa wani gwaji a 2014, inda suka gwada yin gashi a ƙaramin asibitin unguwa da yin sa a gidan majinyaci. Duka biyun sun samu sauƙi, kuma sakamakon ya yi kusa da juna. Ma'ana, ba dole sai an yi ta jigila zuwa babban asibiti ba. Abin da ake bukata shi ne mai ilimin ya matso kusa.

To mu dawo Unguwar Shanu mu faɗa wa kanmu gaskiya. Wace iri muke samu a cikin biyun nan? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. An sallami baba, an ce a riƙa kawo shi gashi sau biyu ko uku a mako. Gidan yana cikin lungun da Keke ba ya shiga. Sai an samu majiya ƙarfi biyu sun ciccibo shi zuwa bakin titi. Keken kuma sai dai shata, zuwa da dawowa, kuma kowa ya san yadda kuɗin mota ya koma tun da aka cire tallafin mai a 2023. A je a bi layi, rabin yini ya tafi, wanda ya raka shi bai fita nema ba. Mako na farko a je sau uku. Na biyu sau ɗaya. Na uku a ce bari a ga abin da Allah zai yi. Daga nan sai ɗakin ƙurya.

Akwai wani dattijo tela a wajen layinmu, ba zan kama suna ba. Hannunsa na dama ya saki. Da aka dawo da shi daga wani asibiti, 'ya'yansa don ƙauna suka hana shi komai. A ba shi abinci a baki, a juya shi, a ɗaga shi ta hanyar jan hannun da ya mutu. Babu wanda ya taɓa gaya musu cewa jan wannan hannu yana gurɗa kafaɗa. Bayan wata huɗu yatsun sun dunƙule, kafaɗar ba ta taɓuwa don zafi, ga gyambo ya fito a ƙugu saboda kwanciya a gefe ɗaya. Akwai kuma wata baiwar Allah mai sayar da abinci, ciwonta ya yi kama da nasa. Ita Allah ya haɗa ta da ɗan maƙwabta da ya karanta aikin gashi, yana leƙo ta bayan ya tashi aiki, yana nuna wa 'yarta abin da za ta yi kafin ya dawo. Yau da sanda take tafiya, amma tana zaune a bakin tukunyarta tana ba yara umarni. Rai da lafiya na Allah ne. Sai dai a cikin sababi, bambancin mutanen nan biyu shi ne ɗaya an bi ta gida, ɗaya ba a bi shi ba. Ita sa'ar maƙwabci ta yi. Tambayata ita ce, don me lafiyar mutum za ta dogara da sa'ar maƙwabci?

Abin da ya sa nake ta nanata lokaci shi ne, masana sun ce mafi yawan sauƙin da ake samu yana zuwa ne a wata 3 zuwa 6 na farko. A lokacin ne ƙwaƙwalwa ta fi karɓar sabon koyo, sassan da suka tsira suna ɗaukar aikin waɗanda suka mutu, in ana maimaita motsi kullum. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Bayan nan ma ana ci gaba da samun sauƙi, kar wanda ya yanke ƙauna, amma tafiyar ta fi nawa. Mu kuwa waɗannan watanni masu daraja su ne muke ɓatarwa wajen shafe-shafen mai da jiran a tara kuɗin mota.

Saboda haka, iyayena mata, ku da jinya ta fi faɗawa a kanku, ga abin da nake roƙo ku riƙe. Ranar sallama kar kunya ta hana ku tambaya. Haƙƙinku ne. Ku tambayi likita wane iri ne ya same shi, toshewa ko fashewa. Ku tambaya ko an gwada haɗiyarsa, da irin abincin da zai iya ci. Ku sa likitan gashi ya nuna muku da hannunsa yadda ake kwantar da shi, da yadda ake tayar da shi daga gado zuwa kujera, ku kuma ku yi a gabansa ya gyara muku. In da waya, a nemi izini a ɗauki bidiyo. Ku san kowane magani da aikinsa. In an sa robar fitsari ko ta hanci, ku san ranar canji da inda za a canza. Ku karɓi lambar da za ku kira in wani abu ya taso.

In an dawo gida, wanda ba ya iya juyawa da kansa a riƙa juya shi kamar duk bayan awa 2, a duba ƙugu da diddige da kafaɗa ko fata ta fara canza launi. A zaunar da shi sosai kafin a ba shi abinci, kaɗan-kaɗan, in yana tari ko abinci na sarƙe shi a tsaya a nemi ma'aikacin lafiya, domin abincin da ya bi ta huhu yana kawo nimoniya, ita kuma tana kisa. Kar a ja hannun da ya saki, a tallafe shi da matashi. Kar a gasa masa jiki da ruwan zafi ko garwashi, domin ɓarin da ya mutu ba lallai ya ji ƙuna ba sai fata ta saɓule. Abin da zai iya yi da kansa a bar shi ya yi, ko zai ɓata riga, ko zai ɗauki rabin awa. Tausayin da ke hana mutum motsi cutarwa ce. Maganin hawan jini kuma ba a ajiye shi don an ji sauƙi, domin wanda ciwon ya taɓa sau ɗaya yana cikin haɗarin ya dawo masa. A rage gishiri da dunƙulen miya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kar gishirin mutum a yini ya kai giram 5, wato kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya. Zogale da alayyahu da rama suna nan a kasuwa, a yawaita.

Sannan a kula da zuciyarsa. Kusan ɗaya cikin uku na masu wannan ciwo suna faɗawa cikin matsananciyar damuwa. Magidancin da jiya shi ke ciyar da mutum goma, yau sai an kai shi bayan gida. In ya yi shiru ko yana kuka ko yana faɗa, ba rashin tawakkali ba ne, ciwon ne, kuma yana da magani. Wanda maganarsa ta tafi, hankalinsa na nan, kar a riƙa zancensa a gabansa kamar ba ya wurin. A fito da shi zaure, abokansa su zo a yi hira. A kuma tuna da mai jinyar. Matar da ta yi wata uku ba ta yi barcin kirki ba, ita ma saura ƙiris ta kwanta.

Yanzu ga waɗanda muka zaɓa, daga kansila zuwa ciyaman na Kaduna ta Arewa, zuwa 'yan majalisarmu da gwamnatin jiha. Ba sabon gini muke nema ba. Jihar Kaduna na da mazaɓu 255, kuma an daɗe da ɗaukar tsarin cewa kowace mazaɓa ta samu ƙaramin asibiti ɗaya da ke aiki. Ginin yana nan. Ga abin da muke so a ɗora a kai.

Na ɗaya, a samu likitan gashi mai zagaye. Ƙaramar hukumarmu mazaɓu 12 gare ta, kuma a manne suke da juna. Ma'aikaci ɗaya zai iya zama a Unguwar Shanu yau, gobe Unguwar Sarki, jibi Badarawa, gata Unguwar Dosa ko Hayin Banki. Da safe ya ga masu iya zuwa, da rana ya shiga gidajen waɗanda ba sa iya fita. Jami'ar Bayero ta Kano da wasu jami'o'in suna yaye masu wannan ilimi duk shekara, wasu na zaune babu aiki, wasu na neman hanyar ficewa waje. A ɗauke su, maza da mata, domin iyayenmu mata su samu mace ta duba su.

Na biyu, a horar da ma'aikatan lafiya na unguwa da ke ƙananan asibitocin nan, su san yadda ake bibiyar mai wannan ciwo, suna aiki ƙarƙashin kulawar likitan gashin. Gwajin Indiya ya nuna mana a bar iyali su kaɗai ba ya isa.

Na uku, a haɗa babban asibiti da ƙarami. Duk wanda aka sallama, a rubuto takarda zuwa asibitin mazaɓarsa, domin cikin 'yan kwanaki wani ya ƙwanƙwasa masa ƙofa. Wannan takarda ce da kiran waya, ba kwangila ba ce.

Na huɗu, kuɗi. Jiharmu na da hukumar inshorar lafiya ta KADCHMA da aka kafa da dokar 2018. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin kula da lafiya a matakin farko. Dokar inshora ta 2022 ta tanadi asusu domin marasa galihu. Muna so a fito a gaya mana dalla-dalla, da Hausa, a rediyo: mai shanyewar ɓarin jiki da ya yi rajista, zaman gashi nawa aka biya masa, wane maganin hawan jini zai karɓa, a ina? Kuma a sa waɗanda ciwon ya kayar a sahun gaba na masu rajistar kyauta. A kasafin kuɗi kuma muna so mu ga layi da sunan wannan aiki, mu kuma ga an saki kuɗin. A watan Mayun 2023 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙuduri cewa farfaɗo da majinyata ya zama cikin ginshiƙan kiwon lafiya tun daga matakin farko. Najeriya mamba ce. Sannan dokar kare masu bukata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara hanyar shiga, wa'adin ya cika tun farkon 2024. A fara da ƙofar asibitocinmu, keken mara lafiya ya shiga ba sai an ɗaga ba.

Za mu rubuta waɗannan a takarda, mu kai da kanmu, mu karɓo shaidar an karɓa, bayan wata uku mu koma mu tambaya. Wanda muka yi wa yawon neman ƙuri'a, muna da bakin tambayarsa.

Saura mu matasa. Wallahi babu wanda ya san unguwar nan kamarmu. Lokacin zaɓe mun san kowane gida, mun san mutum nawa ne a ciki, mun san tsohuwar da sai an ɗauko ta a mota zuwa rumfa. In mun iya nemo ta ranar zaɓe, mun iya nemo ta ranar gashi. Ga abin da nake ba da shawara mu fara a wannan watan, tare da mai unguwa da limamai da fastoci da kwamitin ci gaban mazaɓa.

Kowace rumfa ta ba da mutum biyu, namiji da mace. Su zaga, da sallama da neman izini, su rubuta gidajen da ke da mai wannan ciwo, a miƙa wa shugaban ƙaramin asibitinmu. Masu Keke a cikinmu, kowa ya ɗauki nauyin kai mutum ɗaya sau ɗaya a mako, mu kuma mu haɗa kuɗin mai. Kafintoci da masu walda, ku ne injiniyoyin wannan aiki: ƙarfen dafawa a bango, kujera mai rami don wanda ba ya iya tsuguno a masai, ɗan gangare a bakin ƙofa, sanda mai ƙafa huɗu. 'Yan uwa mata, ku tsara karɓa-karɓa, ko awa biyu ce, mai jinya ta samu ta runtsa ko ta je kasuwa. Mu yi karo-karo mu sayi na'urar awon jini, mu roƙi ma'aikatan lafiya da ke zaune a unguwar nan su riƙa auna mutane bayan sallar Juma'a da bayan an tashi coci ranar Lahadi. Wanda aka ga jininsa ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, a tura shi asibiti a sake dubawa. Mu ma mu miƙa hannu a auna mu, hawan jini ba ya sallama kafin ya shigo.

Sharuɗɗa uku, kuma a kansu ba ni da sassauci. Ba mu ne likitoci ba, kar wanda ya je yana murɗa hannun mutane ko yana rubuta magani. Namu ɗauka, da rakiya, da gyaran gida, da tunatarwa. Na biyu, babu hoto. Duk wanda ya ɗauki uban wani a kwance ya sa a Facebook don a yaba masa, ya fita daga cikinmu. Na uku, ba a tambayar kowa katin jam'iyya, ko addininsa, ko garinsu. Ciwon bai tambaya ba da ya zo.

Sakatare na nan a bakin ƙofa da littafi. Mai Keke ya rubuta ranar da zai iya, mai sana'a ya rubuta sana'arsa, wanda ba shi da komai sai ƙarfi ya rubuta sunansa, domin ɗaukar mutum daga lungu zuwa titi ma aiki ne. Ranar Asabar mai zuwa bayan la'asar za mu zauna a nan mu raba layuka.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Allah ya saka wa masu jinya, ya ƙara musu haƙuri. Waɗanda suka riga mu, Allah ya jiƙansu.